Filin ƙwallonmu yana bakin kogi, ruwan kuma ya ɓaci: ta ina za mu fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren ƙungiyar matasan garinmu, wani ƙauye ne a ƙasar Ringim, a gaɓar kogin Haɗeja. Filin ƙwallonmu yana tsakanin gidajen gari da kogi. Da damina ruwa yakan kwanta a kansa har wajen Oktoba, da rani kuma sai ƙura da tsidau. Kwatar gari ta gefensa take bi ta faɗa kogi. Bana da ruwan farko ya sauka kifaye suka mutu, ruwan yana wari, kuma yaranmu da dama suna fitsarin jini. Wasu suna cewa dattin kamfanonin Kano ne. Mun tara ɗan abin da muka tara, wani mai neman kujera ma ya yi mana alkawari. So muke mu shuka ciyawa mu riƙa ba ta ruwa daga kogin da inji. Zai yiwu?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam sakatare, Allah ya yi wa ƙungiyarku albarka. Maganar ciyawa ku jingine ta tukuna, kuɗin ma kada ku taɓa su a kanta bana. Abubuwa huɗun da ka lissafa, kwanciyar ruwa da mutuwar kifi da wari da fitsarin jini, duk a kan hanyar ruwa suka haɗu. Ruwan da ya wanke gari ta filinku yake ratsawa ya shiga kogi, kogin kuma idan ya cika ya dawo muku da abin da aka zuba masa. In ka kawo inji ka ƙara masa hanya ta uku ke nan. Duk wanda ya shuka ciyawa kafin ya san inda ruwan nan yake shiga da inda yake fita, ya yi noman da ambaliya za ta girbe.

Ka yi wannan lissafin a gaban 'yan kwamiti, don yakan kashe gardama. A ce filinku mita 100 ne a tsawo, 60 a faɗi, murabba'in mita 6,000 ke nan. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Ruwan Agusta guda ɗaya mai ƙarfi yana iya kai milimita 30, wato lita 180,000 a kan filin kaɗai, duro 900 na lita 200. Ban saka na rufin kwanon gidajenku da na lunguna da na kasuwa ba, alhali shi ne ya fi yawa, kuma shi ne mai datti. Ƙasar fadama laka ce, ba ta shan ruwa da sauri, ƙafafun 'yan wasa kuma sun daddaɓe ta kamar daɓen ɗaki. To ina ruwan zai je? Dole ya kwanta.

Batun kamfanonin Kano ba ƙarya ba ne, amma ina ganin an ɗora musu kayan da ba nasu kaɗai ba. Kogin da ke gabanku haɗuwar kogin Kano ne da na Challawa. Na Kano daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka kammala a 1974, na Challawa kuma an tare shi da madatsa a ƙasar Ƙaraye a 1992. Suna haɗuwa kafin Wudil, su bi ta Ringim da Haɗeja, su gangara dausayin Nguru, daga can sai kogin Yobe da tafkin Chadi. Unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Challawa suna sama da ku a kan wannan hanya, kuma an daɗe da sanin cewa ruwan majemun fata na zamani yana ɗauke da sinadarin kuromiyam, ga gishiri, ga soda. Na masana'antun Bompai shi ta rafin Getsi yake bi ya shiga Jakara ya nufi madatsar Wasai, wannan wani ɓangare ne daban. Saboda haka mai cewa wani abu yana iso ku daga Kano bai yi ƙarya ba. Sai dai ƙarafa masu nauyi irin su kuromiyam ba su cika yin nisa suna yawo a cikin ruwa ba, laka suke kamawa su kwanta a ƙasan kogi, sai ambaliya ta motsa su. Illarsu a hankali take zuwa, shekara da shekaru, ta cikin kifi da ganyen lambu. Ba su ne suke sa ruwa wari a ƙofar gidanka cikin kwana biyu ba, kuma da wuya a ce su ne suka jawo fitsarin jinin yaranku.

Hanyar ganewa ba ta cin ko kwabo. Ku fita mutum uku da sassafe, ku fara daga nesa da gari ta inda ruwan yake zuwa, ku biyo gaɓa a ƙafa har ku wuce gari. Ku tafi da kwalaben roba farare masu tsabta, ku ɗebi ruwa a sama da gari, a bakin kwata, da kuma ƙasa da gari, ku jera su a inuwa. Idan na sama ya kwanta ya yi garau, na bakin kwata ya yi duhu yana tashi, kun san ɓarawon a gida yake. Ku rubuta duk abin da kuka gani yana shiga ruwan: inda mahauta suke wanke tumbi su zubar da jini, bolar da aka tara a bakin gaɓa ana jiran ruwa ya kwashe, inda ake wankin babura da baƙin mai yana shawagi, ruwan turaren shinkafa da buntunta, ruwan rini idan kuna da masu rini, inda manoman rani suke wanke tankin feshi su jefar da robar maganin, da bayan gari inda ake tsugunno. A garuruwa irin naku wannan jerin shi ne yawancin matsalar, kuma shi ne wanda kuke da iko a kansa.

Kifin da ya mutu da ruwan farko, ga abin da ya fi yawan faruwa. Wata bakwai ko takwas na rani kashin dabbobi da shara da ruwan wanke-wanke suna taruwa a lunguna da kwatoci. Ruwan farko ya kwashe su gaba ɗaya ya juye a kogi a lokacin da kogin ya fi ƙanƙanta kuma ya fi zafi. Ƙwayoyin halittar da suke ruɓar da dattin nan iskar oksijin ta cikin ruwa suke sha, ita ce kuma kifi yake shaƙa. Ruwa mai zafi dama iskar da yake riƙewa kaɗan ce. Idan akwai gansakuka, da rana tana ba da iska, da dare ta koma tana sha, shi ya sa abin yake fi muni da asuba. Ka tambayi masunta abu biyu: wane lokaci kifin ya fara tasowa, kuma wane iri ne ya mutu? Idan karfasa ce ta taso da asuba tana buɗe baki a saman ruwa, tarwaɗa da gaiwa kuma ko a jikinsu, to ƙarancin iska ne, domin tarwaɗa da gaiwa suna iya shaƙar iskar sarari. Idan kuwa har tarwaɗa da kwaɗi da ƙananan ƙwari sun mutu tare, manya da ƙanana, da rana tsaka, to guba ce, ko an wanke tankin feshi, ko wani ya zuba magani don ya kama kifi a banza. Gamalin, maganin ƙwarin da aka san ana wannan ɓarna da shi, an sa shi cikin magungunan da duniya ta haramta tun 2009, amma masu yi ba su rasa wani abin zubawa ba. Ko wanne ne, kifin da aka tsinta a mace ba na miya ba ne, a haƙa rami nesa da ruwa a binne.

Fitsarin jini shi ne abin da ya fi damuna a wasiƙarka, kuma shi ya kamata ku fara da shi tun wannan makon. Tsargiya ce a mafi yawan lokuta. Ba zafin rana ke kawo ta ba, ba kuma alamar balaga ba ce kamar yadda wasu iyaye suke ɗauka. Yaro mai ita ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin wani ɗan ƙaramin dodon koɗi da yake maƙale a jikin ciyawar ruwa, bayan wasu makonni 'ya'yan tsutsar su fito da yawa, ido ba ya ganinsu, su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Ba sai ya sha ba. Sun fi fitowa daga hantsi zuwa la'asar. Yanzu ka duba yadda filinku yake: an tashi wasa gumi sharkaf, kogi na nan taku kaɗan, ƙwallo ma sau nawa take faɗawa ruwa a tura ƙaramin yaro ya ɗauko? Filin da kansa shi yake kai yara bakin cutar. Maganinta sananne ne, firazikwantel, ana auna shi da nauyin yaro ko tsawonsa, a sha bayan an ci abinci, kuma ana raba shi a makarantu a ƙarƙashin shirin gwamnati. Ku je asibitin sha-ka-tafi mafi kusa ku gaya wa jami'in lafiya yawan yaran, a auna fitsarinsu, ku nemi a sa garinku cikin rabon. Kada a saya a kemis a raba da ka. Amma maganin tsutsar da ke jiki yake kashewa, ba ya hana wata shiga gobe. In an bar ta shekaru tana lalata mafitsara da ƙoda.

Saboda haka abu na farko da zan so kuɗinku ya saya shi ne wurin wanka da bahaya a gefen filin. Tanki ɗaya a kan dakali, da 'yar katanga ta zana ko bulo, da masai. Idan akwai tuƙa-tuƙa ko burtsatse kusa, daga nan za a cika tankin. Idan babu sai na kogi, akwai dabara: 'ya'yan tsutsar tsargiya ba sa wuce kwana biyu a raye in ba su sami jikin mutum ba, don haka ruwan da ya kwana biyu cur a tanki ya kuɓuta daga tsargiya, a yi wanka da shi. Ban ce a sha ba. Wannan yana nufin tanki biyu, ana amfani da ɗaya, ɗaya yana kwana. Masai kuma ya yi nisan aƙalla mita 30 daga kogi da kowace rijiya, gindin raminsa ya kasance sama da ruwan ƙasa da kamar mita ɗaya da rabi. A fadama ruwa kusa yake, don haka a tudu za a gina shi, a ɗaga shi sama, in ba haka ba ambaliyar farko za ta mayar da shi cikin fili. A 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Najeriya da ta rabu da bahaya a fili. Abin alfahari ne, amma ranar gasar sallah da mutum ɗari biyar suka taru a bakin kogi babu masai ko ɗaya, kai ma ka san inda za su nufa. Ku roƙi liman ya taɓa maganar a huɗuba. Hadisin da ya hana bahaya a mashayar ruwa da kan hanya da inuwar da mutane suke hutawa kowa ya san shi, tunatarwa kawai ake bukata.

Yanzu filin kansa. Aikin farko shi ne a hana ruwan gari hawa kansa. A haƙa magudana ta ɓangaren gidaje, a tsawon filin, ta tare ruwan ta zagaya da shi. Mai faɗi marar zurfi ta fi mai zurfi ƙunci, domin ba ta rushewa, ba ta karya ƙafar ɗan wasa, kuma ana iya share ta da shebur. Ta yi nisan mita 3 zuwa 5 daga layin fili. Inda za ta ƙare kada ku sake ta kai tsaye cikin kogi, in kun yi haka kun gyara fili kun ƙara kashe kogi. Ku haƙa rami mai faɗi, zurfinsa bai wuce gwiwa zuwa cinya ba, ruwan ya fara tsayawa a nan yashi da laka su kwanta. A bakin shigarsa a kafa turaku da ragar waya ta tare leda. Duk bayan babban ruwa a kwashe abin da ragar ta kama, za ku sha mamakin yawan ledar fiya wata da ƙunzugun yara na zamani. Ramin nan ya zama mai tsotsewa cikin kwana biyu ko uku, kada ya zama kududdufi, domin sauro cikin kamar mako guda yake ƙyanƙyashewa ya tashi, kuma a kewaye shi da ƙaya saboda ƙananan yara.

Daga ramin zuwa kogi, da ma duk tsawon gaɓar da ke fuskantar filin, ku bar wa ciyawa mita 10 zuwa 15 da ba a noma, ba a wasa, ba a zuba taki. Jema ita ce ta fi dacewa. Saiwarta tana nutsawa ƙasa sosai, tana jure ambaliya da fari, kuma ba ta yaɗuwa ta cinye wuri. A raba tushenta a dasa a jere, taku ɗaya na hannu tsakanin kowanne, layi biyu ko uku a gicciye da gangaren, da farkon damina. In ta haɗe sai ta zama shinge mai tace ruwa, laka ta tsaya a bayanta. Gamba ma tana taimakawa a inda ya ɗan fi tudu. Wata riba kuma, wannan shingen shi zai riƙa tare ƙwallo kafin ta kai ruwa.

Sai gangaren fili. Ƙa'idar da ake bi ita ce kamar kashi 1 cikin 100, wato a kowace mita 100 ƙasa ta sauka da mita 1. A manyan filaye tsakiya ake ɗagawa ruwa ya gangara gefe biyu. A naku hakan yana nufin tsakiya ta fi gefe da santimita 30, ƙasar da za a zuba kuma ta kai kubik mita 900. Idan tifa tana ɗaukar kubik 10, sawu 90 ke nan. Ban ba ku shawarar wannan ba. Tunda filin dama yana gangarawa wajen kogi, ku bi gangaren da Allah ya yi masa, ku cike kwaruruwa kawai. Gano su abu ne mai sauƙi: washegarin babban ruwa a zagaya da turaku a kafa a gefen duk inda ruwa ya kwanta, a ɗauki hoto. Da rani ku kira magini ya zo da farin tiyon nan da suke awon lebur da shi, a cika shi da ruwa, mutum biyu su riƙe bakinsa a jikin turaku, a ja igiya, za ku ga daidai yawan ƙasar da kowane rami yake so. Kafin a zuba sabuwar ƙasa a farfasa ta ƙasan da fartanya don su kama juna. Ƙasar cikon ta zama mai yashi-yashi irin ta tudu, a tankaɗe tsakuwa. Burji zalla yana da kyau a hanya, amma a filin wasa yana fere gwiwa, laka zalla kuma ita ce matsalar da kuke gudu. Kuma don Allah kada a yi ciko da ƙasar bola don tana kusa kuma kyauta ce. Kwalba da ƙusa da allurar asibiti duk a cikinta suke, yaranku kuwa rabinsu babu takalmi.

Wannan duk maganin ruwan sama ne. Idan kogin da kansa ya yi ambaliya kamar yadda aka gani a 2020 da 2022 a Ringim da Auyo da Haɗeja da maƙwabtansu, babu magudanar da za ta tare shi, kuma ban yarda ƙungiyar matasa ta yi wa fili jinga da kanta ba, don ruwan da ka hana shiga nan gidan wani zai shiga. Ku karɓi cewa filin fadama yana da watannin hutu. Bayan ruwa ya janye a jira ƙasa ta bushe sarai, a bi ta a jere ana tsince tarkace, a kankare lakar da ta kwanta a kai ta nesa, a bar rana ta dake shi mako biyu ko uku. Lakar ambaliya tana zuwa da abin da masai suka amayar. Ƙwan tsutsar ciki yana iya daɗewa a ƙasa watanni, wata tsutsar ma ta tafin ƙafa take shiga. Shekarar 2021 da kwalara ta yi ɓarna, Jigawa da Kano suna cikin jihohin da suka fi jin jiki, kuma ta irin wannan haɗuwar ta bahaya da ruwan sha take bi.

To ciyawar fa? Ga lissafinta. A watannin Maris da Afrilu ciyawa a ƙasarmu tana iya buƙatar milimita 6 ko fiye a kullum. A filinku lita 36,000 ke nan, duro 180, kowace rana, da kuɗin fetur ɗinsa, har ruwa ya sauka. Ranar da asusu ya ƙare mako biyu ya isa ta ƙone. Ga kuma ingancin ruwan. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1989 kan ban ruwa da gurɓataccen ruwa ta sa filin wasa a aji ɗaya da ganyen da ake ci ɗanye: ƙwayoyin cutar bahaya kada su wuce 1,000 a cikin mililita 100, ƙwan tsutsar ciki kada ya wuce 1 a lita. Dalili a fili yake, ɗan ƙwallo faɗuwa yake, ya kurje, ya share baki da hannu. Ruwan da aka ja daga ƙasa da bakin kwata da wuya ya ci wannan jarrabawa. In har za a ja, a kafa inji sama da gari, ko a buga 'yar rijiyar fadama irin ta manoman rani a ɗan nesa da gaɓa, yashi ya tace ruwan, a ba da shi da daddare ko da asuba, ba a shiga sai ya bushe.

Ni a ganina filin ƙasa mai lebur, marar tsidau, marar rami, ya fi ciyawar da ta yi gemu-gemu nan kore can sanƙo, wadda ita ce mai gurɗe ƙafa. Yawancin yaran da suka kai ga sa rigar Kano Pillars ko Jigawa Golden Stars a kan ƙasa suka koyi taka leda. Idan kuna son kore, ku nemi ƙiri-ƙiri, tana nan a fadamarku kyauta. Tana rarrafe, tana jure tattaki, ta bushe da rani ta farfaɗo da ruwan farko. Ku dasa ta a gefuna da kusurwoyi a watan Yuni ku bar ta ta ci gaba da kanta. Takin gargajiya da ya ruɓe sosai ya ishe ta. Yuriya kusan rabinta sinadarin naitirojin ne, kashi 46 cikin 100, in aka watsa ta ana gobe ruwa, kogi aka yi wa taki, kainuwa da gansakuka da kachalla su ne za su gode. Kachallar nan kuwa kun fi ni sanin ta: tun da madatsun sama suka sa ruwa yana gudana rani da damina ta cika hanyoyin ruwa a ƙasar Haɗeja, tana toshe su, tana ɓoye dodon koɗi da sauro da tsuntsayen jan-baki. Wadda ke gaban filinku ku yanke ta a ƙarƙashin ruwa, haka take shaƙewa ta mutu, masu yankan kuma su sa dogon takalmin roba.

Sauran kula ƙananan abubuwa ne masu son naci. Tsidau da ƙarangiya a cire su da fartanya kafin su yi 'ya'ya, a ƙone, shekara biyu a jere za ku ga sun ragu. Feshin maganin ciyawa a bakin kogi ban yarda da shi ba. Layi a ja shi da toka ko farar ƙasa. Baƙin mai da wasu suke zubawa don layin ya daɗe, ko don kwantar da ƙura, guba ce ga ƙasa da ruwa. Gaban raga shi ya fi cinyewa, don haka atisaye a riƙa yin sa a gicciye da ƙananan raga. Washegarin ruwa a hana wasa, a hana shanu ratsawa, a hana masu koyon babur da mota, domin sawun rana ɗaya a danyar laka sai ya kai rani. Turakun raga a duba gindinsu duk wata, ƙarfe daidai inda ya haɗu da ƙasa yake tsatsa, itace kuma gara ta cinye cikinsa ta bar ɓawo, yara kuwa ba sa fasa lilo a jikinsa. In za ku sake zana filin, ragunan su fuskanci kudu da arewa, saboda wasanku na bayan la'asar ne, kada rana ta riƙa dukan idon gola. Darbejiya a yamma za ta ba 'yan kallo inuwa, amma a nesa da layi saboda saiwa.

Mai neman kujerar nan, kafin ya kawo muku riguna da kofi, ku kai masa takarda: gireda ta kwana ɗaya, sawun ƙasa kaza, kwalbati ɗaya a inda hanya ta haye magudana, tanki biyu. Ku nemi kaya, kada ku nemi kuɗi a hannu, kuma a yi aikin tsakanin Fabrairu da Afrilu, kafin ruwa kuma kafin zaɓe. Haƙa da dashe aikin gayya ne. Abin da gayya ba ta iyawa shi ne na kullum, don haka ku sa ɗan kuɗin mako a kan kowace ƙungiya mai amfani da filin, ku ɗauki mutum ɗaya ku riƙa ba shi wani abu, shi ne mai share ragar tare leda da magudana da cika tanki. Mai ajiyar kuɗi daban, mai rubutu daban, a karanta lissafi a bainar jama'a duk wata. Sannan ku tabbatar filin yana da takarda. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin ƙasar karkara. Ku bi ta hannun mai unguwa da dagaci zuwa hakimi, a rubuta cewa na jama'a ne, har da mita 15 ɗin bakin gaɓa, a kafa turakun siminti. Fili mai kwanciyar ruwa ba mai kallonsa, ranar da kuka gyara shi za ku ji masu cewa gonar kakansu ce.

Mahauta da masu wankin babura da masu turara shinkafa kada ku je musu da faɗa, abincinsu suke nema. A zauna a ƙofar dagaci da sarkin fawa da sarkin ruwa da duba-gari, a nuna musu kwalaben nan uku, a ba kowa wurin da zai koma: ramin jini da tumbi wanda zai zama taki, wurin wanki a tudu mai ramin tsotse ruwa. Masu ɗiban yashi da tifa su ma a yi musu iyaka, don in suka rarake gindin gaɓa, damina ɗaya ta isa kogi ya cinye kusurwar filin.

Idan kuma kwalbar sama da gari ita ma ta fito da launi ko kumfa ko warin magani, to abin ya fi ƙarfin gari, sai a haura sama. A kai ruwa da lakar ƙasan kogi awo, don na gaya maka ƙarafan a laka suke kwanciya. Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Tarayya ta Dutse suna da sassan kimiyya da za a iya tuntuɓa, haka ma hukumar ruwan sha da tsaftar karkara ta jiha. Na awon ƙwayoyin cuta a sa shi cikin ƙanƙara ya isa a ranar. Ku ce a duba kuromiyam da dalma da ƙwayoyin bahaya. Ma'aunin ruwan sha na Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kuromiyam kada ya wuce miligiram 0.05 a lita, dalma 0.01. Da sakamakon a hannu sai ku rubuta wa ma'aikatar muhalli ta jiha, da hukumar NESREA wadda aka kafa a 2007 don tilasta bin dokokin muhalli, da hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are. Takardar ta zama shafi ɗaya: rana, wuri, abin da aka gani, hotuna, sakamakon awo, sa hannun dagaci. Kada ku ambaci sunan kamfanin da ba ku da hujja a kansa. Ku nemi garuruwan da ke sama da ƙasa da ku su sa hannu tare, ku kai da kanku, a buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku, ku koma bayan mako biyu ku tambayi teburin da ta kwana.